RA'AYINMU: Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

Idan dai ba a manta ba, a watan Disamba na 2010 aka fara haƙo man fetur a rijiyar Jubilee. A 2011 tattalin arzikin ƙasar ya bunƙasa da kusan kashi 14 cikin ɗari. Motoci suka cika Accra. Wutar madatsar Akosombo ta kasa wadatarwa, aka dogara da tashoshin Aboadze da Tema masu ƙona gas da mai. Arziki ya ƙaru, hayaƙin da ke ɗumama duniya shi ma ya ƙaru.

Duk da haka, hayaƙin da ɗan Ghana ɗaya ke fitarwa a shekara bai kai tan 1 ba, alhali na Ba'amurke ya haura tan 13. Amma mu ke ɗanɗana kuɗarsa. Damina tana makara, mashaya tana ƙafewa a arewa, sa ya iso kasuwar Tulaku ta Ashaiman a rame, mahauci a Nima da Maamobi ya saye shi da tsada.

Ba mu musun cewa gyatsar shanu na fitar da iska mai ƙara zafi. To amma saniyar da ke kiwon daji tana taki gona ba ita ce ta cika sararin samaniya ba.

Abin da ke damunmu shi ne wanda ake miƙa wa kuɗin gyara. A Fabrairun 2024 an ɗora harajin hayaƙi, sidi 300 a shekara kan kowace babbar motar kaya, har da masu ɗauko shanu daga Paga. An soke shi a 2025, kuma mun yaba. A ɗaya ɓangaren, a 2023 Bankin Duniya ya biya Ghana dala miliyan 4.8 saboda rage sare daji a yankin koko.

Don haka muna kira ga gwamnati da ta faɗaɗa irin wannan tsari zuwa makiyaya, a gina mashaya, a kare burtali. Kada a sake tsara wani haraji ba tare da an zauna da ardo-ardo da shugabannin 'yan tireda na shanu ba.

Mu ma da namu aikin. Mu daina cinna wa daji wuta don neman sabuwar ciyawa, domin gobarar 1983 ta isa darasi.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.