Wasa Ba Hujja Ba Ne

Tun Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa daga Windows 10, alhali Windows 11 ba ta hawa da yawa daga kwamfutocin gwanjo da muke sayowa Maraɗi mu kawo Madarunfa. Amma ka ce wa matashi ya koma Linux, sai ya ce wasanninsa za su mutu. Wannan magana ta tsufa. Tun 2018 kamfanin Valve ya fito da Proton, dubban wasannin Windows suna tafiya a Linux. Na yarda, wasu na ƙwallon ƙafa har yau suna ƙi. To, saboda su za mu bar injin makaranta babu kariya? Malamai, mu ne ke tsoron sake koyo, muna fakewa da yara.