Kara Ba Ta Da Riba A Zaman Jin Ra'ayin Masu Saye

JOS: Kafin sabon kaya ya shiga kasuwa, kamfanoni kan tara mutum takwas zuwa goma, su ɗanɗana, su faɗi ra'ayinsu, a sallame su da ɗan kuɗin zama. A gari irin Jos, mazaunin NASCO da Grand Cereals, inda albashin ma'aikata masu yawa ya dogara ga abin da matan gida suka zaɓa a kasuwar Terminus, wannan zama ba wasa ba ne.

Babban cikas shi ne kara. Wanda aka bai wa lemo da kuɗin mota yakan ji nauyin kushe kayan mai gida, sai ya bi bakin wanda ya fara magana. Alhali "yana da daɗi" ba ya gyara komai. Abin da ke da amfani shi ne a ce sukari ya yi yawa, ledar tana yagewa, ko kuwa a wannan farashi gara koko da ƙosai.

A 1985 kamfanin Coca-Cola na Amurka ya sauya ɗanɗanon lemonsa bayan gwaji a kan mutum kusan 200,000. 'Yan tsirarun da suka nuna ɓacin rai a zaman jin ra'ayi, ba a saurare su ba. Cikin kwana 79 aka dawo da tsohon.

Saboda haka wanda aka gayyata ya faɗi abin da aljihunsa zai yi ranar kasuwa. Gaskiyar da aka ɓoye a zaure, kantin ɗan kasuwa ne zai tona ta.