Waiwaye: Wa Ya Fara Sauka a Maƙera a Gidanku?

In ka cire Gbagyi da aka tarar a wurin, kusan duk gidan da ka shiga a Maƙera, ka bi salsalarsa hawa uku ko huɗu, sai ka tsinci kanka a wajen Kaduna. Jirgin ƙasa ya iso nan a 1911, Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Amma abin da ya cika kudancin kogin Kaduna da jama'a shi ne masaƙa. A 1957 aka buɗe Kaduna Textiles a Kakuri, haɗin gwiwar gwamnatin Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila. UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960, Peugeot ta zo a 1975. Samari suka yi ta kwararowa daga Katsina, Zazzau, Binuwai da Ilori, kowa da tabarmarsa, ana kama ɗakin haya mutum uku huɗu. Shi kansa Adams Oshiomhole a Arewa Textiles ya fara aiki.

Amurka ta ga irin wannan ƙaura. Daga shekarun 1910 zuwa 1970, baƙaƙen fata kimanin miliyan shida sun bar gonakin Kudu zuwa masana'antun birane irin su Detroit da Chicago. Jikansu in yana neman asali, takarda na jiransa: ƙasar tana ƙidaya duk shekara goma tun 1790, kuma bayan shekara 72 ana buɗe sunaye ga kowa. Na 1950 an buɗe su a 2022. Ka ga sunan kakanka, da titinsa, da sana'arsa. Mu kuwa ƙidayarmu ta rabon kujeru ce, ta 1973 ma soke ta aka yi, dokar da ta ɗora wa Hukumar Ƙidaya rajistar haihuwa kuma ta 1992 ce.

Da na tashi bin namu gidan, adakar baffana na fara buɗewa. Akwai katin shaidar masaƙa da hotonsa, ya sha ƙwal-kwabo, da lambar aiki a ƙasa. Akwai takardar rantsuwar shekaru daga kotu, ta ce an haife shi ranar 1 ga Janairu. Ta ƙaninsa ma haka ta ce. Rabin dattawan layinmu, in takarda za a bi, duk rana ɗaya suka zo duniya, domin akawu ne ya kalli fuska ya yanke. Suna ma ba ya taimako: ɗa yana ɗaukar sunan ubansa, jika ya ɗauki na nasa uban, wani kuma tun a firamare aka liƙa masa sunan garinsu. Hawa uku, suna uku.

Goggo ce ta warware mini. Ba ta san 1956 ba, amma ta san an kawo ta Kaduna amarya "shekarar da Sarauniya ta zo aka yi hawan daba". Ɗanta na uku yana goye aka yi canjin hannu, wato 1972, ya fara tafiya aka yi canjin kuɗi, 1973. Keken ɗinkinta da kuɗin ƙarin albashi na Udoji aka saya. Sunan rana ya ba ni ranakun haihuwa, Talatu da Ɗanladi da Asabe. Tsagar da ke kuncin kakanmu a wani tsohon hoto ta nuna Gobir. Abu ɗaya ya gagara: sunan mijinta. "Kai, ɗan nan, ba ka da kunya?" ta ce, ta ja mayafi ta rufe baki. Sai da na je wurin ƙanwarta.

A nan na ga inda takarda ta yi mana rowa. Katin masaƙa ya san namiji mai lamba. Bai san matar da ke tashi kafin asuba ta dama koko ta soya ƙosai, ta aika yara bakin ƙofa su tari masu fitowa daga aikin dare ba. Da adashinta aka sayi filin da gidan yake a kai yau, amma sunanta ba ya cikin kowace takarda.

Shaidu kuma sun watse. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, da yawa suka koma garuruwansu. Rikicin Shari'a na 2000 da na gasar sarauniyar kyau ta duniya a 2002 suka raba maƙwabta, wasu suka haura arewacin kogi, wasu suka nausa Sabon Tasha da Romi. Mutumin da ya fi kowa sanin ƙuruciyar baffana Kirista ne daga Kagoro, inji ɗaya suka tsaya a kai shekaru. A Sabon Tasha na same shi, kuma shi ya gaya mini abin da gida ba a faɗa: kakanmu gudun haraji ya yi ya baro ƙauye, ba neman ilimi ba kamar yadda muka taso muna ji.

Wannan ne wurin da yawancinmu ke yin kwana. Ka tambayi mutum asalinsa, ko dai jinin sarauta ne, ko malamai, ko daga Gabas aka zo. To wa ya yi dakon? Wa aka ɗiba aikin tilas a haƙar kuza ta Jos lokacin Yaƙin Duniya na Biyu? 'Ya'yan bayi ina jikokinsu? Littafin Roots na Alex Haley, da ya fito a 1976, masana sun soki wasu sassansa, amma ya sa miliyoyin mutane sun daina jin kunyar cewa kakansu bawa ne. A ganina mu ba mu kai nan ba tukuna. Ni dai na rubuta gudun harajin yadda aka gaya mini, kuma akwai 'yan uwan da har yanzu gaisuwarmu ta yi sanyi.

Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna da Arewa House suna da rahotannin gundumomi na zamanin Turawa. Za su ba ka ƙauyen da hakiminsa da harajin da aka yanka masa, amma da wuya ka ga sunan talaka. Shi ya sa nake kunna rikodar waya duk ranar da na je gaida goggo, in kai mata goro, in bar ta ta yi ta zance. Mun kai hawa biyar ta wajen mata, ta wajen maza muna na huɗu.