Kan jirgi na tagulla

A Ingila akwai masu sayen fallayen tagulla, su lanƙwasa, su liƙe da dalma, har ɗan ƙaramin kan jirgin ƙasa ya fito, kashi 1 cikin 76 na ainihinsa, da bututun hayaƙinsa da ƙusoshinsa. Wani yakan share watanni bisa guda.

Yaranmu na Maraɗi da Tibiri da Jiratawa kuwa motar kara da ta gwangwani suke ƙerawa, don ita suka sani. A 2021 aka aza harsashin hanyar dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284. To, wa zai gyara kan jirgi in ya iso? Alhazan kasuwa, ku kai tagulla da zane makarantun sana'a, maƙeranmu su koyar, kafin a fara ɗauko makanikai daga waje.