Gwajin Tashar Nukiliya: Kada A Yi Wa Binciken Muhalli Riƙon Sakainar Kashi

Jama'a, duk wanda ya taɓa sauko da shanu ko albasa daga Kano ko Sakkwato zuwa Ikko a babbar mota ya san darajar birki. Mai mota yana iya cewa birkin nan tun bara bai taɓa ba da wahala ba, don me za a ajiye mota kwana biyu a gareji ana duba shi? Watakila gaskiya ya faɗa. Amma ranar da birkin ya ƙi ci a gangara, abin zai haɗa har da mutanen ƙauyen da ke bakin hanya, waɗanda ba wanda ya nemi shawararsu. To, irin wannan gardama ce aka daɗe ana yi a Amurka game da gwajin tashoshin nukiliya masu ba da wutar lantarki, kuma ina ganin ya kamata mu san ta tun da wuri.

A Amurka ana rufe tukunyar injin nukiliya ne cikin wani makeken gini na ƙarfe da kankare, domin ko an yi haɗari, iska mai guba kada ta fita ta shiga gari. An ga amfaninsa a 1979 a tashar Three Mile Island ta jihar Pensilbaniya, inda wajen rabin zuciyar injin ya narke amma ginin ya tare mafi yawan gubar. Injin Cernobil na Tarayyar Sobiyat kuwa ba shi da irin wannan gini, saboda haka da ya fashe a 1986 gubarsa ta kai har Suwidin.

Yadda ake tabbatar da lafiyar ginin shi ne a tsai da injin, a rufe ko'ina, a ɗura iska da ƙarfi daidai matsin da ake zato lokacin haɗari, sa'an nan a auna wadda ke sulalewa. Da can doka ta ce a yi wannan babban gwaji sau uku cikin kowace shekara 10. A 1995 Hukumar Kula da Nukiliya ta Amurka ta yarda tashar da ta ci gwaji biyu a jere ta riƙa yin sa sau ɗaya cikin shekara 10, daga baya ma aka ba da damar kaiwa shekara 15.

Ina binciken muhalli ya shigo? Ranar 1 ga Janairu, 1970, Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar da ta tilasta wa hukumomin gwamnatin tarayya su auna illar manyan shawarwarinsu ga ruwa da ƙasa da mutane kafin su zartar. Hukumar nukiliya ta wancan zamani ta so ta yi wa dokar riƙon sakainar kashi, sai kotu ta taka mata birki a 1971 a shari'ar tashar Calvert Cliffs ta jihar Meriland. Daga nan ya zama idan kamfani ya roƙi a ɗaga masa wani sharaɗin gwaji, hukuma takan rubuta ɗan gajeren rahoto a kan muhalli, ta buga shi a jaridar gwamnati. Akasari dai rahoton yakan ƙare da cewa babu wata babbar illa. A 2010 kuma aka gyara ƙa'ida, har ya zama wasu roƙe-roƙen sassauta dube-dube ba su bukatar ko wannan gajeren rahoto, muddin hukuma ta ga ba su ƙara haɗari ba.

Gaskiya, masu goyon bayan sassaucin suna da hujjarsu. Babban gwajin yana tsai da tasha kwanaki, ana asarar kuɗi mai yawa, ma'aikata kuma suna shiga wuraren da tiririn nukiliya ke taɓa su. Har wa yau, yawancin yoyon da ake ganowa ƙananan gwaje-gwajen ƙofofi da bututu ne ke kama shi, su kuwa ba a daina yin su ba. Ban musa wannan ba. Inda na rabu da su shi ne a kan cewa ɗaga gwaji bai shafi muhalli ba tunda ba a gina kome ba, ba a zubar da kome a kogi ba. Ai gwaji shi ne idon da ake ganin ɓarna da shi kafin ta girma. Duk lissafin da aka yi aka ce ba haɗari, an yi shi ne bisa zaton cewa kayan suna nan yadda aka bar su.

Abin da ya faru a tashar Davis-Besse, a bakin tafkin Erie a jihar Ohayo, ya isa darasi. Hukuma ta so a tsai da injin kafin ƙarshen Disamba 2001 domin a duba tsagewa a murfin tukunyar. Kamfanin ya roƙi jinkiri, aka ƙyale shi har 16 ga Fabrairu, 2002. Da aka buɗe a watan Maris, sai ga rami ya kai girman ƙwallo, ruwan asid da ke ɗiga shekara da shekaru ya cinye ƙarfe mai kaurin wajen inci 6. Abin da ya rage tsakanin ruwan tukunyar mai tsananin matsi da waje, ɗan siririn ƙarfe ne da bai kai rabin inci ba. Tashar ta yi shekara biyu a rufe, kamfanin kuma ya biya tarar dala miliyan 28 a 2006 saboda bayanan ƙarya da aka ba hukuma. Ba ginin waje ne ya lalace a nan ba, amma darasin ɗaya ne: a takarda kome lafiya, a jikin ƙarfe kuwa tsatsa tana aikinta.

Yanzu ma matsin lamba ƙaruwa ya yi. A watan Mayu na 2025 Shugaba Trump ya ba da umarni cewa hukumar ta riƙa yanke shawara a kan sababbin tashoshi cikin wata 18. Sauri ba laifi ba ne, amma sauri ya kan haifi nawa.

Wani zai ce, mu da ke neman abinci a Sabo da Agege da Shagamu, ina ruwanmu? Akwai ruwanmu. Nijeriya tana da ƙaramin injin bincike na nukiliya a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, tun 2004. An kuma ambaci Geregu a jihar Kogi da Itu a jihar Akwa Ibom a matsayin wuraren da za a iya kafa manyan tashoshi, har an sa hannu a yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017. Geregu kusa da kogin Kwara take, watau ruwan da masunta da makiyaya da manoman rani ke rayuwa a kansa har zuwa teku. Kuma ba mu manta da Koko ba, inda aka jibge sharar guba daga Italiya a 1988. Sai bayan wannan abin kunya aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, aka kuma yi dokar auna illar manyan ayyuka ga muhalli a 1992.

Saboda haka ra'ayina shi ne, tun kafin a aza tubali, a rubuta a doka cewa duk roƙon jinkirta gwaji ko rage shi sai ya bi ta binciken muhalli, komai ƙanƙantarsa. A bayyana rahoton a fili, da Hausa da harsunan mutanen wurin, a karanta shi a rediyo, a ba su lokaci su yi magana. Hukumar da ke sa ido kuma kada ta ci daga hannun wanda take sa wa ido, kada kuma gaggawar samun lantarki ta sa ta kau da kai.

Muna son wuta ƙwarai, domin mun gaji da duhu da hayaƙin janareta. Amma idan ƙasar da ta yi fiye da shekara 60 tana wannan aiki ta kusa tuntuɓe saboda jinkirin mako bakwai, to, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Wakilanmu da ke majalisa su tambayi wannan magana tun yanzu, mu kuma mu tambaye su idan sun zo neman ƙuri'a. Allah ya kiyashe mu da aikin da-na-sani, amin.