Kahin a kafa waya, a ƙidaya abin da ke cikin hilin

 Yau ina da magana kan hili da sansanin soja, kuma ina roƙon ku karanta har ƙarshe kahin ku yanke mani hukunci.

Babu wanda zai gaya wa mutumin jahar Tilaberi amfanin soja. Ranar 10 ga Disamba 2019 mun rasa soja 71 a Inates. Ranar 9 ga Janairu 2020 aka kashe 89 a Shinagodar. Allah ya jiƙansu. Wanda ya ga irin wannan ba zai ce kar a ƙara sansani ba. Amma sansani ba a sama ake gina shi ba. Hili yake ci: wurin kwana, wurin horo, wurin harbi, ramin kariya, ga dajin da ake sharewa kewaye don a hango mai zuwa. To ra'ayina shi ne, duk ranar da aka zo auna wani hili a ƙasarmu don gina sansani ko faɗaɗa shi, a fara ƙidaya abin da ke raye cikinsa, icce da ciyawa da tabki da dabba, a rubuta, a bar wa gari kwafi ɗaya.

Wani zai ce: malam, mutane na mutuwa, kai kana zancen zomo da sabara? Ku tsaya mu duba.

Abin da mai taswira a ofis yake gani kamar hilin banza, mu mun san ba banza ba ne. Gawon da ke cikin Dallol Boso yana kaɗe ganye da damina, gero ya samu rana a ƙarƙashinsa, da rani kuma ya yi ganye ya zubar da ƴaƴan da ke riƙe awaki da tumaki. Goriba na ba mata kaba ta tabarma da igiya. Anza ta ciyar da kakanninmu a shekarun yunwa. Aduwa, magarya, kalgo, geza, gamba ta zana, kowanne akwai gidan da ke ci da shi. Ruwan Dallol yana kusa da ƙasa, shi ya sa dankalin Turawa na Bonkuku ya yi suna har kasuwannin Yamai. In man mota ko dattin sansani ya gangara cikin wannan ruwan, ba zomo ne zai fara kuka ba, mai garka ne. Kuma tun 2004 Dallol Boso na cikin jerin wurare masu dausayi na yarjejeniyar Ramsar, wato ƙasarmu ta sa hannu cewa za ta kula da shi.

Ƙidaya na aiki, kuma shaidar na nan kusa da mu. A 1996 raƙuman dawa 49 kaɗai suka rage a yankin Kure, su ne na ƙarshe irinsu a duk Afirka ta Yamma. Aka riƙa ƙidaya su, ana ɗaukar hoton kowanne, tunda zanen jikin wani ba ya kama da na wani. Bayan shekara ashirin da ɗoriya sun wuce 600, har a 2018 aka ɗauki takwas aka kai Gadabeji. Da ƙidayar aka gane tahiyarsu: da damina suna kan tudu cikin daji, da rani su sauko Dallol wajen gawo, wasu har wajen Fandu suke kaiwa. Wanda ya san wannan hanya ba zai gitta mata waya ba.

Ga kuma ɗaya ɓangaren. A 2012 aka kafa gandun Termit da Tin Tuma a gabas, wajen murabba'in kilomita 97,000, don kare namun hamada, musamman wata farar dabba mai murɗaɗɗen ƙaho da ake kira adaks. A 2010 masana sun ƙiyasta akwai kamar 200. A binciken watan Maris 2016, uku kaɗai aka gani. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta ɗora abin kan hayaniyar aikin man fetur da farautar da wasu daga cikin masu gadin wurin suka yi. Ba na kawo wannan don ɓata kowa ba. Abin da nake so mu gane, inda mota da bindiga suka yi yawa, daji na canzawa da sauri, kuma ba don an yi ƙidayar farko ba, da ba wanda zai iya cewa ga abin da aka rasa.

Ko manyan rundunonin duniya suna wannan aiki. A Amurka, da aka faɗaɗa sansanin Fort Irwin cikin hamadar Kalifoniya, sai da aka bi aka nemo kunkurun wurin. A 2008 aka kwashe sama da 500 zuwa wani wuri, amma cikin shekarar aka dakatar da aikin bayan kimanin 90 sun mutu, yawanci wani irin dila na can ya cinye su. Darasin a nan, kwashe dabba ba kullum yake cin nasara ba. Sau da yawa gara a gusa waya da ƴan ɗaruruwan mita, a bar tabki ko burtali a waje. Amma fa sai an san inda suke tun kahin siminti ya bushe.

Ba sabuwar doka muke nema ba. Dokar 2018-28 ta 14 ga Mayu 2018 ta shimfiɗa ƙa'idar binciken tasirin ayyuka kan muhalli, kuma akwai ofishin BNEE mai kula da haka. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa, waɗanda muke cewa Kofo, daga gunduma har ƙauye. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta amince da haƙƙin makiyayi na tahiya da dabbobinsa. Dokar 61-37 ta 1961 kuma ta ce in gwamnati za ta karɓi hili don amfanin jama'a, sai da diyya ta adalci. To ina tambaya: ta yaya za a biya diyya ta adalci in ba a san gawo nawa ke cikin gonar ba? Talaka ne ke cutuwa in babu takarda, ba mai ofis ba. A ganina ya dace a bi ruhin waɗannan dokoki a kan sansani kamar yadda ake bi a kan hanya ko madatsar ruwa.

Na san abubuwa biyu da za a ce. Na farko, sirrin soja. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a nuna muna inda za a aje makamai. Ƙidayar icce ba ta buƙatar taswirar sansani, iyakar hilin kawai take buƙata. Na biyu, gaggawa. Shi ma gaskiya ne. In an kai hari yau, ba za a ce soja ya jira mai ƙidayar tsuntsu kahin ya kafa tanti ba. Amma wurin tsaro na ƴan watanni daban, sansanin da zai shekara talatin daban. Na biyun nake magana a kai. Kuma mun ga da idonmu cewa runduna na tashi, hili na zama. Sojan Faransa sun bar Walam da Yamai a ƙarshen 2023, na Amurka sun bar sansani na 201 a Agadas a watan Agusta 2024. Duk hilin da aka kewaye yau, wata rana za a tambayi yadda yake a da.

Yaya za a yi aikin? A fita sau biyu, da damina da rani, don shamuwa da farkon ruwa take zuwa, tsuntsayen Turai da sanyi, makiyaya kuma su haura arewa da damina su dawo bayan girbi. Wanda ya zo rana ɗaya cikin Afrilu zai rubuta cewa babu komi. A haɗa ma'aikatan gandun daji da ɗaliban jami'ar Abdu Mumuni, amma kar su fita su kaɗai. Mahalbi ya san ramin damo da wurin kwanan zabin daji. Garso ya san burtali. Mata sun san inda tafasa da yaɗiya ke fitowa. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba mishi. A karanta sakamakon a bainar jama'a da Hausa da Zabarmanci da Tamashek da Fulatanci, gaban hakimi da magajin gari. A kuma yi yarjejeniya tun farko kan iccen girki na sansanin da hana farauta kewaye da shi.

Wannan ma tsaro ne. Makiyayin da ya tarar an toshe mishi hanyar tabki ba tare da an tambaye shi ba, da manomin da aka sare wa gawo ba diyya, za su koma gida da ɗacin rai, kuma mun san waɗanda ke yawo cikin daji suna neman masu ɗacin rai. Wanda aka zauna da shi aka ƙidaya, shi ne zai fara kiran waya in ya ga baƙuwar fuska.

Don haka hakimai, ƴan Kofo, shugabannin makiyaya da ƙungiyoyin mata, kar ku jira sai an zo da ma'auni. Kowane gari ya fara rubuta tabkunansa, burtalinsa da manyan itatuwansa tun yanzu, ko a littafin ɗan lakwal ne.

Allah ya kare sojojinmu, ya ba ƙasarmu lahiya. Ina sauraren ra'ayinku.