Ikon Ɗaukar Ma'aikata: Wa Za A Bai Wa, Wa Kuma Zai Amsa?

Duk lokacin da aka tashi gyaran aikin gwamnati a ƙasar nan, tambaya ɗaya ce takan dawo: shin a bar ikon ɗaukar ma'aikata a hannun hukuma guda a Abuja, ko kuwa a rarraba shi ga ma'aikatu? Wannan magana ta shafi kowane gida da ke da ɗa ko 'ya da suka gama makaranta suna yawo da takardu, saboda haka ya kamata masu karatu su san asalinta.

Masu son a rarraba ikon suna da hujja mai ƙarfi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ma'aikatar lafiya ta fi kowa sanin irin ma'aikacin da take bukata, kuma idan sai ta jira takarda ta je Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Tarayya ta dawo, gurbi zai daɗe babu kowa, aiki yana kwance. Masu adawa kuwa suna cewa da zarar an sakar wa shugaban ma'aikata wannan iko, sai ya cika ofis da 'yan garinsu da surukansa.

An riga an gwada abin a nan gida. A shekarar 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa dokar soja mai lamba 43, bisa rahoton kwamitin Farfesa Dotun Phillips. Dokar ta mai da minista shugaban ma'aikata kuma mai amsa tambaya kan kuɗinta, ta soke muƙamin babban sakatare ta maye gurbinsa da babban darekta wanda zai sauka tare da gwamnatin da ta naɗa shi, ta kuma soke ofishin shugaban ma'aikata na tarayya. Ban da wannan, ta miƙa wa ma'aikatu kaso mai yawa na ikon ɗauka da ƙarin girma da horo, hukumar tarayya kuwa ta koma mai tsara ƙa'ida da sa ido.

A takarda tsarin ya yi kyau, amma a aikace ya zo da rauni babba. An ɗora ikon a wuyan mutanen da kujerarsu ta siyasa ce, yau suna nan gobe an sauke su, kuma a ƙarƙashin mulkin soja babu majalisar da za ta kira su ta tambaye su. Wanda ya san ba zai daɗe ba, kuma ya san babu mai bin sawunsa, me zai hana shi cika gurabu da nasa kafin ya tafi? A 1994 gwamnatin Janar Sani Abacha ta kafa kwamitin Allison Ayida, wanda ya ba da shawarar a soke dokar, aka kuwa soke ta a 1995, daga baya manyan sakatarori da ofishin shugaban ma'aikata suka dawo.

To, amma soke dokar bai kashe rarraba iko ba. Sashe na 170 na tsarin mulkin 1999 ya yarda hukumar tarayya ta ba wani jami'i aron ikonta, da amincewar shugaban ƙasa, bisa sharuɗɗan da ta ga sun dace. Ta wannan hanya ce ma'aikatu suke ɗaukar ƙananan ma'aikata daga mataki na 6 zuwa ƙasa. Haka kuma akwai ɗimbin hukumomi da ba sa ƙarƙashinta sam, kowace da hukumar gudanarwarta.

Ɗaya daga cikinsu ita ce hukumar shige da fice, kuma abin da ya faru ranar 15 ga Maris 2014 ya nuna illar ikon da ba a san mai shi ba. Matasa fiye da 500,000 suka biya naira 1,000 kowannensu ta hannun wani kamfani mai zaman kansa, suna neman gurabun da ba su kai 5,000 ba. Aka tara su rana ɗaya a filayen wasa, turmutsutsu ya kashe aƙalla mutane 15 a Abuja da Minna da Fatakwal da Benin. Da aka je gaban kwamitin majalisar dattawa, shugaban hukumar na lokacin ya ce shi ba a sa shi cikin shirin ba. Haka nan a 2023 wani kwamitin majalisar wakilai ya saurari shaidun mutanen da suka ce sun biya kuɗi don a ba su aiki, ya kuma gano yadda hukumomi da dama suke neman izinin ɗauka ba tare da tallata gurabun ba.

Wani zai ce ashe rarraba ikon ne matsalar. Ba haka ba ne, domin akwai inda aka rarraba shi ba tare da ya ɓace ba. A ƙasar Kanada, dokar da aka yi a 2003 ta kuma fara aiki a ƙarshen 2005 ta ba hukumar ma'aikatansu damar miƙa ikon ɗauka ga shugabannin ma'aikatu. Amma a rubuce ake bayarwa tare da sharuɗɗa, hukumar tana binciken yadda aka yi amfani da shi, tana iya janye shi, kuma kowace shekara tana kai rahoto gaban majalisa. Watau aro ne aka bayar, ba kyauta ba, kuma mai aro ya san za a zo duba kaya.

Darasin ke nan. Ba mayar da komai Abuja ne magani ba, domin ita kanta Abujar mutane ne a cikinta. Abin da ake bukata shi ne duk inda aka miƙa iko a rubuta sunan jami'in da ya karɓa. A tallata kowane gurbi a fili, a buga sunayen waɗanda aka ɗauka da jihohinsu da sakamakon jarrabawarsu, a kuma buɗe wa wanda aka zalunta ƙofar kai ƙara a wajen ma'aikatar da ta zalunce shi. Wanda aka kama da maguɗi a ƙwace ikon, a hukunta shi ko da ya bar kujera.

Mu ma talakawa da namu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Uban da ya sayar da gona ya sayi wa ɗansa takardar aiki ya tauye haƙƙin ɗan maƙwabcinsa da ya fi cancanta, kuma ma'aikacin da ya shiga da kuɗi, a jikin jama'a zai fanshe kuɗinsa. Sai mu riƙa tambayar wakilanmu idan sun zo neman ƙuri'a: a ma'aikatar nan, wa ya sa hannu aka ɗauki mutane, kuma gaban wa zai tsaya ya yi bayani?